Miyar Talata da Juma'a

Ranar Alhamis nake aiki a ɗakin da cocinmu ke raba wa mabukata abinci, kuma a can na ci karo da naman gidana a cikin firiza. Ƙunshi goma sha ɗaya ne a farar takardar mahauta, an bi sunan da ke jiki da baƙin alƙalami an shafe. Wanda ya yi shafewar bai san halina ba. Shekara arba'in ke nan ina ba mahaucin garinmu umarni iri ɗaya: tsoka a yanka mini ita da kauri, niƙaƙƙen nama kuma a ƙunsa laba ɗaya da rabi, ba laba ɗaya irin ta kowa ba. Duk faɗin yankinmu na Sandhills babu mai wannan tsari sai Ardis Novotny, wato ni. Na ɗaga ƙunshi guda na kanga a fitila, sai ga wutsiyar harafin ƙarshe na sunanmu ta leƙo ta ƙarƙashin baƙin.

Na tambayi matar fasto wa ya kawo. Ta ce mai kawowar ya roƙi a rufa masa asiri. Na ce madalla, ta riƙe amanarta, ni ma ina da kai a wuyana.

Gano mai laifin ba wuya. Duk Disamba muna yanka sa ɗaya, wanda mijina Lyle yake warewa tun bazara yana ba shi masara da hannunsa. Rabi namu, rabi na ɗanmu Garrett da matarsa Brenna, da ke zaune a ƙaramin gidan bayan tudu, tafiyar minti biyar a mota. Namu rabin yana firizata, na san adadinsa. Garrett kuwa, a sanin da na yi masa, gara ya kyautar da takalmin ƙafarsa da ya kyautar da naman ubansa. Saura mutum ɗaya.

Bari in faɗi abin da ke raina tun yanzu, don kada a ce na yi rufa-rufa. Jika nake so. Shekarata sittin da huɗu, Garrett shi kaɗai Allah ya ba ni, ƙasar nan kuma tun kakan Lyle take hannunmu. Shekara biyar da aurensu, shiru. Brenna 'yar birni ce, daga Lincoln, amma ba zan yi mata ƙarya ba, ta koyi hawan doki, tana gyara shinge, ba ta ƙyamar kashin shanu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk wata sai ta yi kwana biyu ko uku labulenta a rufe, a ce ba ta jin daɗi. Na daɗe ina zargin haihuwar ce ba ta so, kuma hanya take nema ta janye mini ɗa zuwa birni. Da na ga naman nan sai zuciyata ta ce mini to ga shi an fara.

Ranar Lahadi bayan coci suka zo cin abinci kamar kullum. Na gasa ƙatuwar tsoka da dankali da karas, na dire a tsakiyar tebur, na zauna na sa ido. Brenna ta ɗebi koren wake da latas, ta miƙa wa mijinta farantin naman ko kallonsa ba ta yi ba.

"Brenna, naman bai yi miki ba ne?"

"Ya yi kyau, Ardis. Yau dai ganye nake sha'awa."

"Ganye. To Allah ya sa waɗanda suka samu na cocin su sun ji daɗinsa."

Cokalin Lyle ya tsaya a hanya. Garrett ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Mama."

"Ba da kai nake ba."

"Da ni kike, don ni na kai shi. Ni na shafe sunan ma. Ni kaɗai ba zan cinye rabin sa ba, cikina ba rijiya ba ne."

"Kai kaɗai? Ita matar taka azumi ta ɗauka?"

Brenna ta dafa hannunsa alamar ya bari. Fuskarta ta yi ja, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ciwon nan da nake yi duk wata yana da suna, endometriyosis. Irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne yake tsirowa a waje, inda bai kamata ba, ya manne wa hanji da sauran kayan ciki. Duk wata sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da hanyar fita."

Lyle ya dubi farantinsa kamar an ba shi karatu a ciki. A gidanmu ba a irin wannan magana a kan tebur.

"To ina ruwan sanmu da wannan?" na ce.

"An yi bincike, an bi dubban mata shekara da shekaru, aka ga masu cin jan nama kullum sun fi kamuwa da shi. Likitata ta ce wannan bai tabbatar naman ne ke kawo shi ba, ba ta kuma yi mini alkawarin in na bari zan sami sauƙi ba. Amma ina so in gwada. Wata uku ba jan nama, ba kitse, ba soye-soye. Kifi, kaza, wake, ganye. Ina rubuta abin da na ci da yadda na ji."

"Uwata sau uku take cin nama a rana," in ji Lyle, yana murmushi don ya sassauta zancen. "Ta haifi tara, ta binne likitocinta biyu."

Garrett ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskar matarsa. Ni ban yi dariya ba. Ina can ina juya maganar ina neman inda aka ɗinke ta.

Da suka tafi, ina wanke-wanke Lyle yana goge kwanuka, na ce, "Tsoho, ka ji abin da na ji?"

"Na ji yarinya ba ta da lafiya."

"Ka ji an ce naman da ya riƙe gidan nan tun kakanka guba ne. Yau ta daina ci, gobe ta ce ba za ta iya zama inda ake kiwonsa ba, jibi ka ga ɗanka yana sayar da taya a Lincoln."

"Ardis, ki bar yaran nan su sha iska."

"Ciwon wata wace mace ce ba ta yi? Ni a kan doki na yi nawa."

"A kaina dai kika yi shi," ya ce, ya rataye tawul ya fice kafin in sami abin jifa.

Kwana biyu ina saƙa da warwara. Ba na son faɗa, na fi son hujja, irin wadda in ka ajiye ta a tebur kowa zai yi shiru. Dabarar da ta zo mini mai sauƙi ce. In Brenna ta ci naman nan ba ta sani ba, sannan ta buɗe baki ta ce mini ta ji sauƙi tun da ta bar nama, to magana ta ƙare. Ko dai ƙarya take, ko ciwon a kanta yake. Ta kowace fuska ɗana zai gani da idonsa.

Mahauci yakan haɗo mini da ƙasusuwan san, ba na zubarwa. Ranar Litinin ta makon gaba na gasa su, na dafa su wuni guda, na tace romon sau biyu da tsumma har ya yi garau. Na soya albasa a cikin kitsen sai da ta yi duhu, na zuba farin wake da karas da kabeji da tumatir, na cika tafarnuwa da barkono don su rufe ƙamshin. Ina yi ina ce wa kaina ai romo ba nama ba ne, ruwa ne. Ina kuma sane sarai cewa in da ruwa ne kawai da ban ɓata wuni a kansa ba.

Ranar Talata na kai wa Brenna tukunyar. Ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallona, ita ma da nata zargin a ido.

"Miyar wake ce da ganye," na ce. "Tun da kin ce wata uku, ba za ki yi su da latas kamar zomo ba."

Ta buɗe murfin ta shinshina.

"Me kika sa ta yi ƙamshi haka?"

"Albasa ce, a man zaitun. Sai kin yi haƙuri da ita ta yi duhu, ku yaran yanzu gaggawa ke ɓata muku girki."

Ta yi murmushi. Rabon da ta yi mini irin wannan murmushin har na manta. Ta ce ta gode, na ce ba kome, na koma mota ina jin kaina kamar wadda ta ɗana tarko da kyau.

Daga nan ya zama duk Talata da Juma'a. Ta dawo mini da tukunya a wanke, in mayar mata da ita a cike. Kowane zuwa sai na jefa tambayata kamar ba da wata manufa ba.

"Ya jikin? Tun da kika bar naman akwai bambanci?"

"Da sauƙi, Ardis."

Da sauƙi. Sau bakwai ta faɗa mini haka a watan Janairu da Fabrairu, kowanne na ɗiga masa alama a kalandar da ke bayan ƙofar kicin. Na tsara a raina ranar Ista, bayan an ci an sha, zan ajiye cokali in ce, Brenna, kin san abin da ke cikin miyar da ta ba ki sauƙin nan? Har yadda Garrett zai juyo ya kalle ta na gama hangowa. Ban tsaya na tuna cewa a yankinmu ko doki ne ya taka mutum, ka tambaye shi, da sauƙi zai ce maka ba.

Akwai abubuwan da ba su zauna daidai da lissafina ba, amma na sami inda na cusa su. Labulen bai daina rufuwa ba, kwanakinsa ma ƙaruwa suka yi. Na ce wasan ne take ƙara wa gishiri. Ta rame, wandonta yana zamewa. Na ce wanda ya bar nama me yake jira. Sau biyu ta tafi birnin Omaha da kayan fita, ita kaɗai, tafiyar awa biyar, ta kwana ta dawo. Wannan kam ya hana ni sukuni. Na tambayi Garrett, ya ce asibiti. Na ce wace irin asibiti ce ake sa mata takalmi mai tsini? Ya ce, "Mama, don Allah," ya ja hularsa ya tafi wajen shanu. Na yanke a raina aiki take nema.

Ranar Juma'ar farko ta Afrilu, haihuwar shanu ta kankama, Lyle da Garrett tun safe suna can wajen shanu masu haihuwar fari. Da hantsi na ɗauki tukunya na tafi. Motar Brenna na nan. Na ƙwanƙwasa, shiru. Mu nan ba ma kulle ƙofa, sai na tura na shiga, na ajiye tukunyar a kan murhu. A kan tebur ga wani ɗan littafi mai koren bango, da alƙalami a tsakiyarsa.

Ba zan ce hannuna ne ya kai kansa ba. Da niyya na buɗe, ina neman sunan kamfani ko lambar wani lauya.

Kowane shafi kwana ɗaya ne. Abin da ta ci da safe, da rana, da yamma, sannan lamba a ƙasa, daga ɗaya zuwa goma, ta zagaye ta. Shida. Takwas. Bakwai. Tara, da rubutu a karkace. Na yi ta juya shafi ina neman biyu ko uku, ban samu ba. Ranakun da ta ce mini da sauƙi na duba su ɗaya bayan ɗaya, mafi ƙanƙantarsu shida ce.

Duk Talata da Juma'a kuma ga abu ɗaya: miyar Mama. A gabana Ardis take kirana, tun ranar aurensu. A wata Juma'a ta Fabrairu ta rubuta, "Miyar Mama, kwano biyu. Ita kaɗai ke zama a cikina. Mama kaɗai ce kuma ba ta yi mini dariya ba." A shafin jiya babu abinci ko ɗaya, sai layi biyu. "Sati goma sha biyu, babu canji. Na kira su, ashirin da uku ga Afrilu."

Ina tsaye da littafin na ji nishi daga banɗaki.

A ƙasa na same ta, ta duƙunƙune a kan tayil, ta jingina goshi da bahon wanka, ta danna jakar ruwan zafi a mara. Rigarta ta ɗage. Fatar cikinta daga cibiya zuwa ƙasa ta yi zane-zane ruwan ƙasa, irin ƙunar da zafi ke bari in an daɗe ana gasa wuri ɗaya. Wannan ba aikin wata uku ba ne, aikin shekaru ne. Na haifi ɗa, na ja maruƙa da hannuna ba adadi, na san kamannin ciwo.

"Kada ki kira Garrett," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zai wuce. Minti ashirin."

Na jiƙa tawul na goge mata fuska, na sake cika jakar da ruwan zafi, na zauna a ƙasan tare da ita duk da gwiwoyina. Sai da numfashinta ya daidaita na ce, "Mene ne ashirin da uku ga Afrilu?"

Ta buɗe ido ta kalle ni, ta gane na karanta. Ba ta da ƙarfin yin fushi.

"Tiyata. Za su cire mahaifar."

Na ji maganar, amma sai da na sa ta maimaita.

"An taɓa yi mini ƙarama shekara biyu da suka wuce, lokacin da muka ce muku mun je bikin ƙawata. Aka kankare, ya dawo. Na sha ƙwayoyi, an yi mini allurai. Yanzu ya shiga har jikin mahaifar kanta. Tun Disamba likita ta kawo maganar cirewa, ni na ce a ba ni wata uku. Abinci ne kaɗai abin da ban gwada ba. Na ce in ciwon ya sauko ko da zuwa huɗu ne, zan iya jurewa, mu ci gaba da neman haihuwar shekara ɗaya ko biyu." Ta gyara jakar. "Bai sauko ba. Amma na gwada, Ardis. Ko loma ɗaya ban karya ba. Wannan ne ya sa na iya ɗaga wayar."

Ina iya yin shiru. Na auna hakan, ba zan ɓoye ba. Babu wanda ya sani, ko Lyle bai sani ba. Da na tashi na ɗumama mata miyar, da har in mutu ni ce Mamar da ke cikin littafin nan. Amma akwai kwana goma sha takwas kafin ranar, kuma a lokacin gani nake kwana goma sha takwas sun isa a gyara kome.

"Brenna, miyar nan da romon ƙashin sa nake yin ta. Albasar kuma a kitse nake soyawa."

Ta juyo ta kalle ni.

"Ta yau?"

"Duka."

"Tun yaushe?"

"Tun tukunyar farko."

Ta janye ƙafarta daga jikin tawa, a hankali, don ko wannan motsin ciwo yake mata. Ta tashi zaune ta jingina da bango.

"Mantuwa kika yi? Ko kin ɗauka romo ba ya cikin lissafi?" Hanya take ba ni, ina gani.

"A'a. So nake in kama ki. Na zaci ƙarya kike."

Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata farashin ciyawa. Sai ta ce, "Duk Oktoba in likitan dabbobi ya zo duba shanu, wa ke tsayawa da jan fenti a bakin shinge? Ni. Ya zura hannu ya ce wannan ba ta da ciki, in shafa mata ja a gadon baya, a loda ta mota zuwa kasuwa. Shekara biyar ina shafa fentin nan kina tsaye a bayana. Kina tsammani ban san abin da kike gani ba in kin kalle ni? Na sani. Da kika fara kawo miyar nan sai na ce ashe ni ce na zalunce ki a zuciyata. Har kuka na yi wa Garrett."

"A ɗaga tiyatar," na ce. Bakina yana sauri, ina jin kaina. "Ki kira su yanzu. A sake wata ukun daga farko. Ni zan dafa, ki tsaya a kaina ki ga duk abin da na zuba. Ko in fita harkar gaba ɗaya. Firizar ma in kina so a fitar da ita daga gidan."

"Wata uku."

"Wata uku kawai, 'yata."

"Kada ki kira ni haka yau." Ba ta ɗaga murya ba. "Kin ga lambobin. Kwana tamanin da huɗu na ƙirga da ɗai-ɗai, ina ce wa kaina saura kaza. Babu wasu wata uku a jikina, Ardis. Na ƙarar."

"To in ba don romon ba fa? In da ya yi aiki fa?"

"Likita ta ce mai yiwuwa abinci ba zai canza kome ba, tun da abin ya yi nisa. Mai yiwuwa. Don in kashe wannan kalmar na yi wata ukun. Jiya na san amsa, na sa hannu da zuciya ɗaya. Yanzu kin dawo mini da ita, da ita zan shiga ɗakin tiyata, da ita zan fito."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba kunyar ce ta fi ci na ba. Jikan da na yi duk wannan dominsa, ban sani ba ko da ma ba mai zuwa ba ne, ko ni na tare masa hanya da tukunyata. Babu likitan da zai iya faɗa mini.

Ta kama bakin bahon ta miƙe. Na kai hannu in taimaka, ta kauce.

"Ke za ki faɗa wa Garrett," ta ce. "Yau. Ba zan ɗaukar miki wannan ba. Ki tafi da tukunyarki."

Na same shi a garke, hannunsa jina-jina har gwiwa, ya gama jawo wani maraƙi, uwar tana lasarsa. Da ya hango ni ya washe baki ya ce ko na rage musu miyar, yunwa yake ji. Na faɗa masa a tsaye a nan, Lyle yana riƙe da ƙofar shinge yana ji. Garrett bai zage ni ba. Ya daɗe yana goge hannunsa da ciyawa, sannan ya hau motarsa ya nufi gida. Lyle ya rufe ƙofar ya ɗaure sarƙar, ya ce, "Haba, Ardis." Iyakar abin da ya ce ke nan, ranar da washegarinta.

An yi tiyatar ranar da aka sa. Ba a ce in zo ba, ni ma ban tambaya ba, na zauna na ba marayun maruƙa madara. Da yamma Garrett ya kira ubansa, Lyle ya sa wayar a fili don in ji. Garrett ya ce ta farka. Ya ce likita ta ce yadda ta ga cikin, da wuya a ce wani abinci zai iya da shi. Na tambayi Lyle, da wuya ta ce ko ba zai yiwu ba? Ya ce da wuya ta ce.

Ba su koma birni ba. Brenna ba ta taɓa neman aiki a ko'ina ba, takalmin mai tsini don ta ji ta yi kama da mutane ne a gaban likitoci, haka Garrett ya gaya mini daga baya. Ciwon ya ragu sosai, ta mayar da jikinta, tana hawan doki. A watan Yuli ta dawo cin abincin Lahadi, tana gaishe ni, tana tambayar gwiwoyina, tana kama hannuna in za a yi addu'a. Takan zo da nata abincin a kwano mai murfi, ni kuma nakan ajiye mata faranti da cokali.